Sai Bango Ya Tsage: Kira Ga Mutanen Abuja

Da ku nake, mutanen Nyanya da Karu da Kubwa da Dei-Dei da Gwagwalada da Kuje da Bwari, da ku da kuke kwana a Mararaba da Suleja kuna yini a Wuse da Garki. Da Musulminku da Kiristanku, da ɗan gari da baƙo, ku ba ni aron hankalinku, domin maganar nan ta wuyanmu ce gaba ɗaya.

Ranar Litinin, 14 ga Afrilun 2014, gari bai gama wayewa ba tashar motar Nyanya ta riga ta cika maƙil. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan da asuba ya san irin mutanen da ke tsayawa a wurin: masinja da mai sharar ofis, lebura da shebur a kafaɗa, malamar firamare, uwa da goyo da tiren talla. Mutanen da tsadar haya ta koro daga cikin birni, suke sammako su shiga su yi masa hidima, su fito da magariba a gajiye. A tsakiyarsu bam ya tashi. Sama da mutum 70 ba su koma gida ba. A daren wannan rana aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Ranar 1 ga Mayu wani bam ɗin ya sake tashi a Nyanyar, taku kaɗan daga wurin na farko.

To, ina aka kwana a shari'ar? An dawo da babban wanda ake zargi daga Sudan a watan Yulin shekarar. A watan Nuwamba Babbar Kotun Tarayya ta kori tuhumar farko, saboda masu gabatar da ƙara ba su tsaya sun bi ta ba. Aka sake shigar da ita, aka shiga ɗagewa, yau a ɗage gobe a ɗage, har yaran da aka mayar marayu a tashar nan suka fara gemu. Haka abin yake ga harin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na ranar 26 ga Agustan 2011, wanda ya ci rai fiye da 20: an kama wanda ake zargi da kitsa shi a Lakwaja a 2016, shekaru suka yi ta shuɗewa ana jan ƙafa a kotu.

Birnin nan ya sha wuya. Hedikwatar 'yan sanda a Yunin 2011, cocin Madalla ranar Kirsimetin shekarar, ofishin jaridar ThisDay a Jabi a 2012, kantin Emab a Wuse 2 a 2014, Kuje da Nyanya a Oktoban 2015, jirgin ƙasan Kaduna a Maris ɗin 2022, sannan masu garkuwa da suka hana mutanen Bwari barci a farkon 2024. Duk lokacin da abu ya faru, amsa ɗaya muke gani: a ƙara shinge, a jera buhunan yashi, a ƙara sayen bindiga. Ba na raina wannan ko kaɗan. Sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai nawa suka kwanta dama domin mu yi barci? Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari. Wanda ya ɗauko makami ya fuskanci jama'a dole a tare shi da makami.

Amma Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun fi shekara goma sha biyar muna bin ƙadangaru da sanda, mu kashe goma, ashirin su fito, bangon kuwa ko yumɓu ba mu shafa masa ba. Tsaga biyu ce a jikinsa, kowa yana ganinta: yadda ake raba arzikin ƙasa, da yadda doka take hawa kan wani ta tsallake wani.

Na san abin da wani zai ce: talauci ba hujjar kisa ba ne. Gaskiyarsa. Miliyoyin talakawan ƙasar nan suna kwana da yunwa ba su taɓa zare wa kowa wuƙa ba, kuma su ne ma aka fi kashewa. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama a Amurka ranar Kirsimetin 2009, ɗan gidan wadata ne. Masu tsara ta'addanci suna da muguwar aƙida, kuma dole malamai su ci gaba da rusa ta da ilimi. Sai dai shugaba ba ya yaƙi shi kaɗai. Yana bukatar mai ɗaukar bindiga, da mai kai masa fetur da burodi a daji, da mai leƙen asiri a kasuwa, da mai tuƙa babur. Waɗannan a ina yake samo su, kuma da nawa yake sayensu?

An bincika, an kuma rubuta. A 2016 ƙungiyar Mercy Corps ta zanta da matasan da suka fito daga Boko Haram, ta gano cewa ɗaya daga cikin tarkunan ƙungiyar shi ne rancen jari. Yaro yana da hannun sana'a, banki ba ya kallonsa, gwamnati ba ta san da shi ba, sai ga wani ya miƙo masa kuɗin buɗe shago. Ranar biya ta zo, babu, sai a ce to ka biya da kanka. Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi nata binciken a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. A rahotonta na 2017, kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙafarsu sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ɗan'uwa ko aboki ko kama shi. Fiye da rabinsu sun amsa cewa ba su fahimci littattafan addinin da ake cewa ana yaƙi dominsa ba. A rahoton 2023 kuma, dalilin da aka fi ambata shi ne neman abin yi: mutum ɗaya cikin huɗu.

Mu da muka ga 2009 ba ma bukatar rahoto. Ranar 30 ga Yulin shekarar sojoji suka miƙa shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf ga 'yan sanda a Maiduguri da ransa, hannunsa ɗaure. Kafin gari ya waye gawa ce. Da an kai shi gaban alƙali, da duniya ta ji daga bakinsa su wa suka ba shi kuɗi, su wa suka yi masa rumfa, da mabiyansa sun ga malaminsu yana amsa tambaya kamar kowa. Harsashi ya rufe bakin shaida, ya kuma ba magajinsa Abubakar Shekau labarin da ya yi shekaru yana tara yara da shi. Har yau babu wanda kotu ta hukunta kan wannan kisa. Ku duba abin da ya biyo baya ku faɗa mini ko gajeriyar hanyar ta kai mu gida.

Bari in dawo da ku nan cikin Abuja, bayan gidajen 'yan majalisa na Apo. Daren Juma'a, 20 ga Satumban 2013, sojoji da jami'an tsaron farin kaya suka dira wani kango da mutane ke kwana a ciki, suka buɗe wuta. Mutum 8 suka rasu, 11 suka jikkata. Da safe aka sanar da duniya cewa an yi artabu da 'yan Boko Haram. Su wane ne a kangon? Akasarinsu masu tuƙa Keke Napep ne da masu ƙananan sana'o'i, 'yan ci-rani daga Arewa, waɗanda suke yini suna ɗaukar mutanen birnin nan amma abin da suke samu bai isa ya kama musu ɗaki a cikinsa ba. Ku lura da yadda tsagar nan biyu ta haɗu a wuri ɗaya. Rashin gata ya kwantar da su a kango, kwanan kango ya sa aka ga sun yi kama da abin zargi, aka harbe su ba tare da an tambayi sunansu ba.

Abin da ya faru bayan haka shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin yana nuna cewa ba a banza ake tsayawa ba. 'Yan'uwansu ba su ƙona ofishin kowa ba, ba su shiga daji ba. Ƙungiyar masu Keke da babura ta haɗa kai da ƙungiyoyin kare haƙƙi, suka kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Hukumar, a ƙarƙashin Chidi Odinkalu, ta zauna ta saurari kowane ɓangare. A watan Afrilun 2014, watan da bam ɗin Nyanya ya tashi, ta yanke cewa babu wata hujja da ta nuna mutanen nan 'yan Boko Haram ne, ta umarci gwamnatin tarayya ta biya naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane mai rauni, jimla miliyan 135. Kotun ECOWAS da ke nan Abuja ita ma ta ba su gaskiya a 2016. Sai a 2018 aka biya kuɗin da hukumar ta yanke. An makara, kuma kuɗi ba ya tayar da matacce. Amma ɗan da mahaifinsa ya mutu a kangon nan zai tashi da takarda a hannu mai cewa ubanka ba ɗan ta'adda ba ne, ƙasarka ta yi kuskure, ta amsa. Yaron da ke riƙe da wannan takarda, mai wa'azin ramuwa zai sha wuya kafin ya ja shi. Yanzu ku ƙirga mini yara nawa ne a Bama da Baga da Zurmi da Birnin Gwari da ba su da irinta.

Dubban mutane aka tsare a barikoki shekara da shekaru ba a kai su gaban alƙali ba. Da aka fara shari'arsu a barikin Wawa da ke Kainji a Oktoban 2017, zaman farko ya hukunta mutum 45, ya sallami 468. A Fabrairun 2018 aka hukunta 205, aka sallami 526. Ku sake karanta alƙaluman. Mutumin da aka tsare shekara uku ko huɗu, aka ce tashi ka tafi ba mu da hujja a kanka, ya tarar gonarsa ta zama daji, matarsa ba a san inda take ba, me muka shuka a zuciyarsa? A ɗaya gefen kuma, mai laifi na gaske da ba a yanke masa hukunci ba, ajiya ce muka yi wa abokansa. Daren Talata, 5 ga Yulin 2022, suka zo Kuje suka karɓi ajiyarsu. Fursunoni 879 suka fice daga gidan gyaran halin, ciki har da mutum 64 da ake tsare da su kan ta'addanci, a garin da ke maƙwabtaka da filin jirgin saman babban birnin ƙasa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi. A ɗaki ɗaya ake cusa ɓarawon waya da wanda ya iya haɗa bam, a ba su shekaru suna hira.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce jijiyar abin. Bindiga ba ta tsiro a gona. Harsashi saye ake yi, babur saye ake yi, kuɗin fansa kuma ba a daji ake cinye shi ba, gari yake shigowa ya zama gida da mota da shanu. A 2019 kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Nijeriya shida kan aika wa Boko Haram dala 782,000, biyu ɗaurin rai-da-rai, huɗu shekara goma-goma. Ƙasar wasu ta bi sawun kuɗin da ake kashe 'ya'yanmu da shi har ta kai ga hukunci. A 2021 gwamnatinmu ta ce ta kama masu ɗaukar nauyin ta'addanci, aka yi ta ambaton mutum 400. Haƙƙinmu ne a fito a faɗa mana: nawa aka gurfanar, nawa aka ɗaure, nawa aka wanke, dukiyar nawa aka ƙwace, kuma ina take? Haka zancen dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ya ɓarke a 2015. Soja yana bakin daga yana kukan rashin kayan aiki, shari'ar kuɗin kayan aikin tana tsufa a Abuja.

Ku gwada wannan jinkiri da saurin da aka yi a kan yaran zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Ranar 1 ga Nuwamban shekarar aka jero su a Babbar Kotun Tarayya da ke nan Abuja bayan kusan wata uku a tsare, ƙananan yara a cikinsu, ƙashin haƙarƙari a waje, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Duk wanda ya ga hoton nan ya ji kunya. Amma ku tuna yadda ta ƙare: jama'a suka yi ca, Kudu da Arewa, lauyoyi da malamai da 'yan jarida, cikin kwana uku Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Muryarku ce ta buɗe ƙofar nan.

Ba dokoki muka rasa ba. Muna da dokar yaƙi da ta'addanci tun 2011, aka gyara ta a 2013, aka sake sabuwa a 2022 tare da dokar hana halatta kuɗin haram da ta ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Dokar 2022 ta tanadi asusu na musamman domin waɗanda ta'addanci ya shafa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani, wato a zo neman ɗa a tafi da uwa, kuma sashe na 34 ya wajabta wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Dokar 2017 ta mayar da azabtar da wanda ake tuhuma laifin da ke kai jami'i gidan yari. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk a nan garin aka rubuta su, a nan aka sa musu hannu. Takobi ne a cikin kube, kuma ba zai zare kansa ba.

Mu juya ga ɗaya tsagar. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 suna cikin talaucin da ya haɗa rashin abinci da lafiya da ilimi da tsaftataccen ruwa, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A jihar Sakkwato, mutum tara cikin goma. Wannan kafin a tsaya a dandalin Eagle ranar 29 ga Mayun 2023 a sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a shekara mai bi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, a lokacin da buhun shinkafa ya fi albashin. Kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafin. Talaka ya biya nasa kason a gidan mai da tashar mota da bakin murhu. Ina nasa rabon a asibiti da aji da gona?

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙauyukan nesa ce. A 2025 malaman firamaren gwamnati na Babban Birnin Tarayya sun fi wata uku suna yajin aiki kan albashi, 'ya'yan talakawa suna zaune a gida, 'ya'yan masu hali suna tafiya makarantun kuɗi kullum safiya. Ku je Durumi da Kuchingoro da Wassa ku ga mutanen Gwoza da sauran garuruwan Borno da suka fi shekara goma a bukkokin leda da buhu. Akwai yaran da aka haifa a can, ba su san wani gida ba. Su suna gani ana yaye tubabbun mayaƙa daga sansanin Malam Sidi na jihar Gombe da sana'a da kayan aiki. Ban ƙi a karɓi tuban wanda ya ajiye makami ba, domin hakan yana rage masu harbi. Amma in wanda ya ƙona gari ya sami keken ɗinki, wanda aka ƙona wa gari bai sami ko kwanon rufi ba, wane darasi muka koya wa yaran da ke kallo? Ga Gwarawa da Koro da Gade da Gwandara da sauran 'yan asalin wannan ƙasa, waɗanda tun dokar 1976 da ta ƙirƙiri birnin ake gusar da su daga gonakin kakanninsu, da yawansu suna jiran diyya har yau.

Ga kuma rusau da kame. An hana acaba a tsakiyar birni tun 2006, ana kwashe mabarata, ana korar 'yan bola-jari, ana ture rumfunan masu shayi da masu gyaran takalmi. Birni yana bukatar tsari, kuma ɓata-gari suna fakewa a cikin waɗannan sana'o'i, ban musa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka murƙushe babur ɗin da saurayi ya ci bashi ya saya, ba ka ba shi wani abin yi ba, ba ka ba shi wurin da zai kai ƙara ba, ka juya baya ka ce ka tsaftace gari. Ina ya nufa da daren nan? Wa zai fara yi masa sallama da kuɗi a hannu? Kafin katafila ta taka rumfa, a nuna wa mai rumfar inda zai koma. Yi masa rajista da ba shi lamba da wurin tsayawa ya fi korarsa amfani ga tsaro, domin wanda aka san sunansa da shagonsa shi ne idon hukuma a unguwa.

Magabatanmu sun san wannan tun kafin a haifi Nijeriya. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna lissafa abubuwan da suka ɓata mulkin zamaninsa a Kitabul Farƙi, harajin zalunci ya ambata, da ƙwace kayan talaka a kasuwa, da alƙalin da ke ba mai kuɗi gaskiya. Kasuwa da kotu, nan ya ga ɓarakar. Masu yanka bayin Allah a masallaci da coci ba su da gadon komai a wurinsa. Kundin tsarin mulkinmu ma ya faɗi irin wannan: sashe na 14 ya sa tsaro da jin daɗin jama'a a matsayin babban dalilin kafa gwamnati, ya ambace su tare a jimla ɗaya, sashe na 16 kuma ya hana a bar dukiyar ƙasa ta taru a hannun 'yan tsiraru. Sai sashe na 6 ya zo ya ɗaure hannun kotu, ya ce ba a ƙarar gwamnati kan waɗannan alkawura. Afirka ta Kudu ta ba kotunanta wannan iko a tsarin mulkinta na 1996, talakawanta suna kai ƙara kan muhalli da magani suna yin nasara. Kotun ECOWAS ta yanke a 2010 cewa ilimi haƙƙi ne da ɗan Nijeriya zai iya nema a gaban shari'a. Duk lokacin da aka buɗe gyaran tsarin mulki, wannan ya kamata mu cika zauren sauraron ra'ayi da shi.

Mu mutanen Abuja muna da abin da ɗan Gwoza da ɗan Zurmi ba su da shi: kusanci. Majalisa tana nan, Kotun Ƙoli tana nan, Ma'aikatar Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a duk kuɗin mota ɗaya ne tsakaninmu da su. Wanda ke zaune a bakin rijiya bai kamata ya bar na nesa ya mutu da ƙishi ba.

Saboda haka, shugabannin kasuwannin Wuse da Utako da Dei-Dei da Karmo, da na masu Keke da 'yan acaba da 'yan gwangwan da 'yan garuwa, ku yi abin da 'yan'uwanku suka yi bayan Apo, amma kada ku jira sai an zubar da jini. Ku rubuta sunan kowane ɗan ƙungiya da garinsu da wanda ya tsaya masa. Ku ware wani abu daga kuɗin da kuke tarawa ku ɗauki lauya na dindindin, wanda za a kira da tsakar dare in an kama ɗayanku. In kuma ɗayanku ne ya lalace, ku ne za ku fara miƙa shi ga hukuma, da ransa da lafiyarsa, ba a taru a kansa da sanda da taya ba. 'Yan canjin Zone 4, sana'arku ta amana ce. Kuɗin da ba ku san asalinsa ba, ribarsa ba ta kai jinin da ke jikinsa ba. Alhazai masu zakka, buhun shinkafar azumi yana ƙarewa kafin Salla, amma jarin da kuka ba saurayi ya buɗe shagon walda shi ne rancen da ɗan ta'adda ba zai samu damar bayarwa ba. Malamai da fastoci, mumbarinku ya fi kowace rediyo isa kunnen mutane. Ku la'anci mai tayar da bam, ku kuma kira sunan zalunci in mai rawani ko mai kaki ko mai kujera ya aikata shi, domin matashin da ya ji kun yi shiru a kan na biyun ba zai saurare ku a kan na farkon ba.

Lauyoyinmu, musamman matasa, ku bi majistare zagayen wata-wata, in bai fita ba ku rubuta ku tambayi dalili. 'Yan jarida, ranar da bam ya tashi kowa yana wurin da kyamara. Muna bukatarku a ranar zama na arba'in, lokacin da kotu ta zama wayam aka sake ɗage shari'a. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, ta kuma ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa. Ku tambayi nawa ne ya shiga asusun waɗanda ta'addanci ya shafa, kuma wa aka ba. 'Yan'uwanmu masu kaki, ku ma 'ya'yan talakawa ne, kuma wannan kira ya haɗa da haƙƙinku: alawus ɗinku ya zo cikakke, kayan aikinku su zama na gaske, matar wanda ya faɗi a fagen fama kada ta yi shekaru tana yawon ofis-ofis da fayil. Abin da muke roƙo a wurinku shi ne wanda kuka kama ya isa gaban alƙali da ransa. Mutanen da suka amince da ku su ne za su raɗa muku inda aka ɓoye makamai.

Sauran mu kuma, muna da sanata ɗaya, da 'yan Majalisar Wakilai biyu, da shugabannin ƙananan hukumomi shida, da kansila a kowace mazaɓa. Yawancinmu ba mu taɓa taka ofishin ko ɗaya daga cikinsu ba. Mu je, cikin lumana da ladabi, da takarda a hannu, mu tambayi abin da ya shigo da abin da aka yi da shi. Ranar zaɓe in an miƙo taliya da atamfa, mu tuna wata ukun da 'ya'yanmu suka yi a gida.

Kai da ka karanta wannan, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya karatu ba. Ku tara mutum goma na layinku a wannan makon, ku rubuta sunan duk wanda aka kama ba a kai shi kotu ba, da duk yaron da ba ya zuwa makaranta, da duk saurayin da aka raba da sana'arsa yake zaune. Na farko ku kai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Maitama, na biyu ku kai wa kansila, na uku ku kai masallaci da coci da shugaban kasuwa. In an ce ku dawo gobe, ku koma goben. Allah ya jiƙan mutanen Nyanya da na Apo, ya ba mu ƙarfin tsayawa a kan haƙƙin waɗanda suka bari.